Shafin da Mai Rarrafe Bai Gani Ba

Sarandosa, Maiyama
Janairu, 2009

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Haidar da duk mutanen Jega Magaji. Ya amarci, ya baƙon wuri? Kakarki Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da sabulu, ki aiko da kanki.

Ni kam da sauƙi. Mai ɗorin Aliero ya ɗaure ƙafar, ya ce kada in taka ta, kada in hau mota, sai ya ba da izini. Ga ni kwance a zauren Inna kamar buhun gero. Wayata ta mutu tare da babur ɗin da ya kayar da ni, kuma ko da tana raye, a nan sai an hau tudun bayan makaranta ake samun sabis. Don haka mu koma irin ta da. Ayuba direba yana bi ta nan da motar albasa, shi zai riƙa kai miki takarda yana kawo mini taki.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne taron ƙungiyar manoman albasa da za a yi a Aliero farkon watan gobe. Na yi musu alkawarin ranar za su ga shafinsu a intanet, kowa da hotonsa da lambar wayarsa, yadda mai saye daga nesa zai same su kai tsaye. Yanzu aikin ya dawo kanki. Ba na jin tsoro, a cikin duk yaran da na koyar a shagon kwamfutarmu na Jega babu mai natsuwarki.

Bari in tuna miki yadda abin yake. Shafin na asali yana cikin kwamfutar shagonmu. Bayanin kowane manomi yana cikin rumbun bayanai, ni na shigar da su da hannuna kafin in faɗi. Amma ba za mu iya barin kwamfutar shago a kunne duniya tana leƙowa ba, ga wuta mai zuwa da tafiya, ga layinmu mai jan ƙafa. Shi ya sa na rubuta 'yar manhajar nan da kuka laƙaba wa suna Mai Rarrafe. Yakan fara daga shafin farko, ya kwafe shi yadda yake, ya duba mahaɗan da ke ciki, wato kalmomin da ake latsawa a tafi wani shafi, ya bi kowanne ya kwafe, ya sake dubawa, har ya rasa inda zai shiga. Abin da ya tara shafuka ne tsayayyu, ba su buƙatar rumbu a bayansu, suna buɗewa ko da layi ya yi rauni. Daga nan ya rubuta taswirar shafuka, wato adireshin duk inda ya shiga, wadda injunan bincike ke karantawa su san muna nan. Da can aiki uku ne nake yi ɗaya bayan ɗaya. Satin da zan faɗi na ɗaure su wuri guda. Ki buɗe baƙin allon nan, ki rubuta gina, ki latsa. Zai yi rarrafen, ya rubuta taswirar, ya loda komai.

Abin da ban ƙarasa ba shi ne shafukan ƙauyuka, inda za a jera manoman kowane ƙauye, kowane suna ya zama mahaɗi zuwa shafin mai shi. Ku raba da Hafizu sakataren ƙungiya. Ya ɗauki ɓangaren Aliero, ki ɗauki Jega da Birnin Malam.

Abu na ƙarshe. Kin san da ƙyar surukinki Malam Sambo ya yarda ki ci gaba da zuwa shago bayan biki. Ni na je har Birnin Malam na zauna a tabarmarsa na roƙa. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, a sahun gaba zai zauna ranar. Ina so ya ga abin da hannunki ya iya, ya daina ganin kamar alfarma ya yi mini.

Kawunki,
Rufa'i


Jega Magaji
Janairu, 2009

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gode Allah da ƙafa ta fara sauƙi. Muna lafiya ƙalau. Maigida yana gaishe ka, ya ce in gaya maka gyaran babur ɗin ya fi ƙarfin bakanike, sai dai a yi masa addu'a. Ka ce wa Inna ina nan zuwa idan an ba ni hanya, kuma sabulun ba zai daina zuwa ba.

Na san kwanciyar nan ta fi karayar damunka. Ayuba ya ce ya same ka kana koya wa 'ya'yan maƙwabta lissafi da gawayi a bangon zaure, Inna tana faɗa. Don Allah ka bar mata bangonta.

Na rubuta gina. Karon farko wuta ta ɗauke yana tsakiyar rarrafe, na ɗauka na lalata maka aiki. Da na tayar da janareta na sake, sai ya fara daga farko kamar ba abin da ya faru. Na zauna ina kallon adireshi suna wucewa a baƙin allon, ɗaya na bin ɗaya, kamar wani yana bi gida gida yana sallama. Da ya gama na tafi kwamfuta ta biyu na buɗe shafin ta intanet. Kawu, ya buɗe. Hoton rumbunan albasa na bakin hanyar Aliero ya fito tun kafin in ɗauke hannu. 'Yan aji na yamma suka taru a bayana, wata ta ce to yanzu mutanen Legas suna ganin mu ke nan, ta gyara ɗankwalinta.

Hafizu ya kawo nasa ɓangaren a filas ɗin kwamfuta, a gurguje, don ruwa yake ba albasarsa kuma injinsa yana ba shi wahala. Na gama na Jega. Na Birnin Malam ma na yi shi iyakar abin da hannuna zai iya rubutawa. Abin da ya rage akwatin nema zai cike, tunda na ga a kwamfutar shago duk wanda aka nema yana fitowa.

Taswirar ma ta fito. Na buɗe ta na ga tsabar adireshi ne, babu ado, na rufe.

Ranar taron ba zan je ba, ka san taron maza ne. Hafizu zai ari laftof da na'urar haskawa. Maigida zai raka Baba, mahaifinsa. Ka yi mana addu'a layi ya yi kirki.

Ɗiyarka,
Shafa'atu


Jega Magaji
Fabrairu, 2009

Kawu,

Ina fata kana samun sauƙi, ina gaida Inna. Mu jikinmu lafiya. Ban jira amsarka ba, don abin da ya faru ba na jira ba ne.

An yi taron. Abin da zan faɗa maka daga bakin maigida na ji. An rataya farin ƙyalle a bango, layi ya yi kyau, shafin farko ya fito, mutane suna ta sa albarka. Sai aka ce a fara da dattawa, kowa a nemo shi ya ga kansa. Na farko ya fito, na biyu ya fito har da hotonsa riƙe da albasa kamar jariri, aka yi ta dariya. Sai aka zo kan Baba. Hafizu ya rubuta a akwatin nema, babu. Ya sake, babu. Ya buɗe shafin Birnin Malam, ga kowa, har yaran da suka shiga ƙungiya bara, ban da shi.

Wani daga baya ya ce, "Ai surukarsa ta yi aikin, ku tambaye ta." Wani ya ce, "Wataƙila shi ma ta ba shi hutu ya zauna gida." Aka fashe da dariya. Maigida ya ce Baba ya tashi, ya kaɗe rigarsa ya sa takalmi ya fita. Taron bai ƙara kyau ba, aka naɗe ƙyallen tun ba a kai rabin mutane ba.

Washegari da sassafe na je shago. A kwamfutarmu shafinsa yana nan, da hotonsa a gaban gadajen iri, da komai. Na rubuta gina, na duba intanet, babu. Na sake, babu. Na buɗe taswirar na bi ta da yatsa har ƙasa, adireshinsa ba ya ciki. Ban gane ba, Kawu. Abin da yake cikin rumbu ta yaya zai ɓace a hanya?

Kafin azahar saƙo ya iso daga Birnin Malam. Baba ya ce wa maigida in zauna gida. Bai ce zuwa yaushe ba. Makullin shago yana wurin Hafizu, 'yan ajina an sallame su. Maigida bai yi mini faɗa ba, amma tun ranar yana cin abinci yana kallon kwano. Ni kuma na share tsakar gidan nan har ƙasa ta fara ramewa.

Ka gaya mini abin da ya lalace. Ko ba zan koma ba, ina so in sani.

Shafa'atu


Sarandosa
Fabrairu, 2009

Shafa'atu,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ƙafa tana ƙaiƙayi, an ce alamar warkewa ce. Takardunki biyu tare suka iso, motar Ayuba ta kwana biyu a gareji. Na karanta ta farko ina murna, na buɗe ta biyu murnar ta koma ciki.

Babu abin da ya lalace. Mai Rarrafe ya yi daidai abin da aka gina shi ya yi. Bai san rumbu ba, bai taɓa leƙa shi ba. Mahaɗi kawai ya sani. Ki ɗauka baƙo ne ya shigo gari, ba ya tambaya, ƙofa kawai yake bi. Gidan da aka gina ba a yi masa ƙofa ba, ko ya fi kowane kyau, zai wuce ta bayansa bai san da shi ba. Akwatin nema na kwamfutar shago rumbu yake tambaya, shi ya sa kowa ke fitowa. Na intanet kuwa cikin abin da Mai Rarrafe ya kwaso kawai yake dubawa. Idan sunan Malam Sambo ba ya shafin Birnin Malam, to babu hanyar da za a kai gare shi, ba a shafi ba, ba a taswira ba, ba a injin bincike ba.

Wannan ke nan. Saura abin da ya fi mini nauyi.

Ke kika rubuta shafin Birnin Malam. Mutanen ƙauyen ba su da yawa, kuma shi ne babbansu. Ba mantuwa ba ce, na san ki, ba kya mance waƙafi balle mutum. Kin rubuta mini cewa kin yi iyakar abin da hannunki zai iya. Na juya maganar nan ta kowace fuska. Hannunki ya iya sunan kowa, sai nasa ne ya gagara? Ayuba ya ce a tashar Jega ana cewa kin rama ne, don ya so hana ki aiki tun farko. Na ce masa ya rufe mini baki. Amma da ya tafi maganar ta ƙi fita raina.

Idan haka ne, ɗiyata, kin ba ni kunya. Ba don wannan na koya miki ba. Wanda aka ba amanar sunayen mutane ba ya zaɓen wanda zai bari a gani. Kuma ni na tsaya miki a gaban mutumin nan.

Ki ba ni amsa ta hannun Ayuba, kada ki ɓoye mini komai.

Kawunki,
Rufa'i


Sarandosa
Fabrairu, 2009

Ɗiyata,

Da fatan lafiya. Mu nan lafiya, sai zafi da ya fara leƙowa.

Ayuba ya zo ya sake zuwa, hannu wofi. Ya ce ya yi sallama a ƙofarku, aka karɓi takarda, aka ce an gode. Na tambaye shi ko ya ji muryarki, ya ce shi direba ne ba ɗan leƙen asiri ba.

Ko ba ki da lafiya ne? Ko an hana ki rubutu? Ko fushi ne? Jiya na sa aka sassaƙo mini sanda na gwada zuwa bakin hanya, ko zan samu mai zuwa Jega. Ban wuce rijiya ba Inna ta biyo ni da muciya. Yanzu ta ɓoye sandar.

Na tambayi masu zuwa kasuwa ko shago yana buɗe, suka ce kullum a rufe. Ina tuna 'yan ajinki, musamman masu shirin jarrabawa. Ga shi an fara cire albasa, masu saye za su fara nema, shafin kuma yana tsaye inda kika bar shi.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne zan karɓa.

Rufa'i


Jega Magaji
Maris, 2009

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, Allah ya saka mata da ta ɓoye sandar. Lafiyata ƙalau, ba wanda ya hana ni rubutu. Fushi ne. Na fara amsa na yage, na sake na yage, don abin da ke fitowa bai dace a aika wa kawu ba.

Mutanen tasha su faɗi abin da suka ga dama. Amma kai?

Kawu, kai ne ɗan farin Inna. Ka taɓa jin ta kira sunanka? Gemunka ya fara fari, har yau "yaron nan" take ce maka. A gidan ka girma. Mamana har ta rasu ba ta taɓa furta sunan kakana na wajen uba ba, idan wani yaro mai sunan ya shigo sai ta ce masa Mai Sunan Malam. Ita ta raine ni. Ka ba ni shafin Birnin Malam ka ce in jera sunaye. Na jera kowa. Na zo kan na Baba, na ɗora yatsu a kan haruffa, suka ƙi. Kuma ba sau ɗaya ake rubuta shi ba, sai an sa shi a fili, a sake sa shi cikin adireshin mahaɗin, tsirararsa, babu Malam babu komai. Uban mijina. Wata nawa da kawo ni gidan?

Na yi tunanin in ce Hafizu ya sa mini. To in ce masa ya sa wa? Kuma namiji ne baƙo, in tsaya ina yi masa bayanin abin da ya hana ni? Na yi tunanin maigida, shi ma ba ya kiran sunan. Sai na ga akwatin nema yana fito da kowa, na ce shi ke nan, Allah ya kawo mafita, wanda ya nemi Baba zai same shi, ni kuma ban yi rashin kunya ba. Ban san na intanet daban yake ba. Yanzu na sani.

Da na rubuta maka cewa na yi iyakar abin da hannuna zai iya, na ɗauka ka gane. Ban san yadda zan faɗa fiye da haka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, girmamawar da na yi ita aka karanta raini, kuma ba ni da bakin da zan gyara. Ba zan iya tsayawa gaban Baba in yi magana ba. Maigida ya gwada sau ɗaya, Baba ya ce masa ba a kawo masa zancen kwamfuta yana cikin auna iri.

An ce mai gidan da shagon yake ya fara tambaya ko za a saki ɗakin. Ni dai ga ni.

Shafa'atu


Sarandosa
Maris, 2009

Ɗiyata Shafa'atu,

Na ga takardarki, na gode Allah da kina lafiya. Mai ɗori ya aiko ɗansa ya duba ƙafar, ya ce saura kaɗan, amma kaɗan ɗinsu ba irin namu ba ne.

Ki yafe mini. Na karanta ki da kunnen tasha. Ina gama karanta takardarki Inna ta leƙo ta ce, "Yaron nan, za ka ci tuwon ko in ba kaji?" Na yi dariya har ƙafar ta amsa, ita kuma ta ɗauka zazzaɓi ne.

Ba zan ce ki koyi rubuta sunan ba. Ba ke za a gyara ba, ginin za a gyara. Aikin da ya dogara ga hannun mutum ya jera sunaye, wata rana sai an bar wani, ko don kunya, ko don gajiya, ko don injin ban ruwa ya lalace. Na haɗo miki wata takarda daban, na rubuta komai dalla-dalla da manyan haruffa, ki kwafa yadda yake. Gyara biyu ne.

Na farko mai tsaro ne. Bayan Mai Rarrafe ya gama, kafin a loda komai, zai ɗauki taswirar ya gwada ta da rumbu. Duk wanda yake rumbu ba ya taswira, zai nuna shi a allo, ya tsayar da ginin. Gara shafi ya ƙi hawa da ya hau da giɓi. Ki fara sa wannan shi kaɗai ki gwada, don ki ga ciwon da idonki kafin magani.

Na biyu shi ne maganin. Shafukan ƙauyuka ba za a ƙara rubuta su da hannu ba. Ginin da kansa zai ɗebo sunaye daga rumbu, ya jera su ƙauye ƙauye, ya yi wa kowa ƙofarsa, sannan ya saki Mai Rarrafe. Ke dai gina za ki rubuta.

Na san za ki ce duk wannan a ina, tunda makulli ba ya hannunki. Na rubuta wa Malam Sambo da ajami, don ya karanta da kansa ba sai wani ya karanta masa ba. Kada ki ce in fasa, Ayuba ya riga ya wuce da ita. Na gaya masa abin da ya faru a taƙaice. Ban roƙe shi ya mayar da ke aiki ba. Safiya ɗaya na roƙa, a buɗe shago, ya zo ya zauna ya gani, sannan ya yanke abin da ya ga dama. Ban san ko zai zo ba. Mutum ne da aka yi wa dariya a gaban sa'o'insa, kuma takarda ba ta goge wannan.

Ki haddace gyaran tun yanzu. Idan ya zo, ba na so ki tsaya lalube.

Kawunki,
Rufa'i


Jega Magaji
Maris, 2009

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafa ta ƙara sauƙi, a gaida Inna. Muna lafiya. Na yafe, amma sai ka biya da kilishi.

Ya zo. Ran kasuwa, bayan ya sauke kaya, ya aiko a ce wa maigida ya kawo ni shago. Na same shi zaune a bencin bakin ƙofa, ya ba ɗakin baya, yana kallon titi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa titin. Hafizu ya buɗe, ya tayar da janareta. Ƙura ta rufe komai.

Duk zaman nan Baba bai yi mini magana ba, ni ma ban yi masa ba, ga shi tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Maigida ne a tsakiya.

Baba ya ce masa, "Ka ce mata ta nuna min abin ga mai yawo."

Maigida ya juyo ya ce, "Wai ki nuna masa." Kamar ban ji ba.

Na kwafi gyaran farko. Na rubuta gina. Da adireshi suka fara gudu a allo, Baba ya juyo da rabin jiki, sannan ya juyo duka. Ya ce, "Shina gaida mutane ko wucewa kawai shika yi?" Maigida ya ce wucewa kawai. Ya ce, "Ɗan birni na."

Sai ginin ya tsaya, ya nuna waɗanda ba a samu ba. Layi biyu ne suka fito.

Ina ganin na farko na sunkuyar da kai. Baba ya ce wa maigida ya karanta. Maigida ya buɗe baki ya rufe, ya ce, "Baba, ai kai ne." Baba ya taso ya matso, ya ƙura ido. Bokonsa ba yawa, amma ya san siffar sunansa, ita ake bugawa a buhunansa. Ya ce, "Wanga ni na. To na ƙasa fa?"

Maigida ya karanta. Alhaji Lauwali, na ɓangaren Aliero. Muka juya wajen Hafizu, tunda shi ya rubuta ɓangaren. Sai ga shi ya duƙufa yana duba man janareta, wanda shi ya cika da hannunsa ɗazu. Kawu, uban matarsa ne. Shi ma ya zo kan sunan ya tsallake, ya ce a ransa zai sa wani ya cike, ban ruwa ya ɗauke masa hankali. Ranar taro ba a kai kan Alhajin ba aka watse, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru duk makonnin nan, ni ina gida ina shara.

Baba ya dube shi ya ce, "Hafizu, kai ma?" Hafizu ya ce, "Malam, ai da nauyi." Baba ya koma benci ya zauna, kafaɗunsa suna motsi. Ban taɓa ganin dariyarsa ba, ashe ba ta da sauti. Ya ce Alhajin abokin wasansa ne tun suna yara, kuma yau ba zai koma Birnin Malam ba sai ya biya ta Aliero ya yi masa jaje.

Na sa gyara na biyu, na sake rubuta gina. Wannan karon bai tsaya ba, ya wuce ya loda. Maigida ya buɗe shafin Birnin Malam ta intanet, ga Baba a wurinsa. Ya latsa, hoton ya fito. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce an ɗauke shi hularsa a karkace. Sannan ya ce, "Wa ya rubuta sunan yanzu?" Maigida ya ce ba kowa, injin ne ya ɗebo da kansa. Ya ce, "Shi ba shi da suruki?" Aka ce babu. Ya ce, "To shi riƙa hwaɗi. Ita ta kyauta da ba ta hwaɗi ba."

Na ɗauka daga nan zai ce in koma. Bai ce ba. Ya tashi ya gyara riga, ya sa takalmi, ya kai har bakin titi. Zuciyata ta gama karaya. Sai ya tsaya ya kira maigida.

"Ka ce mata ban ce ta koma aiki ba. Amma jibi zan aiko a ɗauki wani hoto, da hula daidai, da sabon irin da na aje. Ba ni son in ji an ce babu mai sa shi." Ya dubi Hafizu. "Kai kuma ba ta makullin, kada ka ɓatar."

Na aika wa 'yan ajina su dawo ran Litinin. Yau na wuni ina kaɗe ƙura.

Allah ya tashi kafaɗarka, Kawu.

Ɗiyarka,
Shafa'atu